Takardar Zaɓi Irin Ta Amurka: Darasi A Kan Sauri Da Jira

Shekaru kaɗan da suka wuce wata wasiƙa ta zo wa mahaifina daga wani kamfani wanda ya ke da ɗan hannun jari a ciki tun yana aikin koyarwa. Ya sa tabarau ya karanta, ya juya ta gaba da baya, sa'an nan ya miƙo mini ya ce, "Kai da ka ke shirin zama malami, faɗa mini abin da mutanen nan su ke nufi." Na karanta har sau biyu. Babu kalmar da ban sani ba a ciki, amma ma'anar ta gagare ni. Don jin kunya sai na ce, "Baba, talla ce kurum." Ya ninke ta ya sa cikin akwatin da ya ke ajiye takardun fansho.

Bayan kamar wata uku wani abokinsa ya tambaye shi ko ya karɓi nasa rabon ne, ko kuwa ya sayar. Sai a ran nan muka gane cewa kamfanin dama ya ba shi, ya sayi sababbin hannun jari a kan farashin da bai kai na kasuwa ba, duk ranar da ya ga dama kafin wata rana da aka yanka. Ranar kuwa ta riga ta wuce. Baba bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ashe akwai karatun da ba ku kai ba tukuna."

Wannan magana ce ta sa na shiga binciken al'amarin. Da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar sakandare a nan Jos, na koyar da shi a ajin lissafin kasuwanci. Ga darasin nan na rubuto domin 'yan'uwana ɗalibai, tare da kuskuren da na yi a gaban aji, kada wani ya maimaita shi.

Mece ce takardar zaɓi?

Bari mu soma da abin da kowa ya sani. A ce wani ɗan kasuwa na Jos ya tafi Mangu da kaka, ya tarar ana sayar da buhun masara naira 40,000. Yana zaton za ta yi tsada, amma bai tabbata ba, ba ya kuwa so ya zuba dukan jarinsa. Sai ya ce wa wani manomi, "Ga naira 2,000 a kan kowane buhu, naka ne har abada. Amma ka yi mini alkawari, daga yau har ƙarshen watan Maris, duk ranar da na zo da naira 40,000 za ka ba ni buhu. In ban zo ba har ranar ta wuce, masararka taka ce."

In masara ta kai naira 50,000, ɗan kasuwa ya zo ya biya 40,000, ya ci ribar 10,000, ya cire 2,000 da ya bayar tun farko, saura 8,000. In kuwa ta sauko zuwa 35,000, ba zai zo ba, gama a kasuwa ta fi araha. Hasararsa 2,000 ce, ba ƙari.

Ku lura, wannan ba kafin alƙalami ba ne. Kafin alƙalami wani sashe ne na kuɗin kaya, ana cire shi ranar cika biya, yana kuma nuna ciniki ya faɗa. Amma naira 2,000 ɗin nan ba kuɗin masara ba ne, kuɗin dama ne. Ɗan kasuwa yana da iko ya saya, babu tilas a kansa. Manomi shi ne alkawari ya ɗaure.

To, ku ɗauke masara ku sa hannun jarin kamfani a wurinta, kun sami takardar zaɓi. Abu huɗu ne kowace takarda ta ke ɗauke da su:

1. Abin da za a saya ko a sayar, watau hannun jarin kamfani kaza, guda kaza.
2. Farashin alkawari, wanda ba ya sakewa ko kasuwa ta hau ko ta sauka.
3. Ranar ƙarewa, wadda in ta wuce takardar ta mutu.
4. Kuɗin zaɓi, wanda mai karɓar takarda ya ke biyan mai ba da ita, ba a kuwa mayarwa.

Takardun iri biyu ne. Akwai zaɓin saye, irin na ɗan kasuwan nan. Akwai kuma zaɓin sayarwa, wanda ya ke ba mutum iko ya sayar da hannun jarinsa a kan farashin alkawari ko da kasuwa ta faɗi. Shi wannan kamar inshora ya ke.

Sa'an nan akwai bambanci wajen lokaci, shi ne kuwa kan darasinmu. In an yarda wa mai takarda ya yi amfani da ita kowace ranar ciniki har zuwa ranar ƙarewa, ana ce da ita irin ta Amurka. In ba shi da iko sai a ranar ƙarewa kaɗai, ana ce da ita irin ta Turai. Sunayen nan ba su nuna ƙasar da a ke cinikin ba, laƙabi ne kurum, wanda masanin tattalin arziki Paul Samuelson ya yi amfani da shi cikin wani rubutu nasa a 1965. Har akwai ta uku, irin ta Bamuda, wadda a ke amfani da ita a waɗansu ranaku da aka ƙayyade.

Asalin abin

Dabarar ba sabuwa ba ce. Aristotle ya ba da labarin wani masani na Girkawa, Thales mutumin Miletus, wanda ya hango cewa zaitun zai yi albarka. Tun da damuna ba ta nuna ba ya bi masu wurin matsar mai, ya ba su 'yan kuɗi kaɗan don su ajiye masa wuraren. Da kaka ta yi kyau kowa ya zo neman wurin matsa, sai ya ba da haya yadda ya ga dama.

Amma kasuwa ta musamman domin takardun nan, a birnin Chicago na Amurka aka buɗe ta, ran 26 ga Afrilu 1973, da zaɓin saye a kan kamfanoni 16. Zaɓin sayarwa ya biyo baya a 1977. A can, takarda guda a bisa al'ada tana tsaye ne a kan hannun jari 100, kuma takardun da su ke kan hannun jarin kamfani guda irin na Amurka ne. A cikin 1973 ɗin nan ne Fischer Black da Myron Scholes suka buga hanyar lissafin darajar takarda irin ta Turai, Robert Merton kuma ya faɗaɗa ta. An ba Scholes da Merton kyautar Nobel a 1997, Black kuwa ya riga ya rasu a 1995.

Tambayar da ta kā da ni

Na rubuta wannan misali a allo. Hannun jari guda naira 100 ne. Ka biya naira 8, ka sami zaɓin saye a kan naira 100, na wata uku, irin na Amurka. Bayan wata ɗaya farashi ya hau zuwa naira 120.

Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, tun da an ce kowace rana, ai sai in je yau in karɓa, kada farashi ya sauko." Na ce, "Madalla, haka ne, amfanin irin na Amurka ke nan." Aka kaɗa ƙararrawa, na fita ina jin daɗi. Da dare ina shirin darasin gobe, na zauna na buga lissafin, sai na ga na koya wa yara arba'in abin da ba daidai ba. Washegari na tsaya gabansu na ce jiya malaminku ya yi kuskure, mu sake.

Ga yadda lissafin ya ke. Mai takarda ɗayan biyu ne, ko dai hannun jarin ya ke so ya riƙe, ko kuwa kuɗi ya ke so a hannu yau.

Mu fara da wanda ya ke son riƙe hannun jari. A ce mutum biyu ne, Mai Sauri da Mai Jira, kowa da takardarsa. Mai Sauri ya biya naira 100 yau ya karɓa. Mai Jira ya bar takardarsa a aljihu har ranar ƙarewa.

In farashi ya kai naira 150 a ranar: Mai Sauri ya kashe 108, yana da 150, ribarsa 42. Mai Jira ya biya 100 a ranar, shi ma ribarsa 42.

In farashi ya tsaya a naira 120: kowannensu ribarsa 12.

In farashi ya faɗi zuwa naira 80: Mai Sauri ya kashe 108, yana riƙe da abin 80, hasararsa 28. Mai Jira ya yaga takarda, hasararsa 8.

Kun gani, babu inda Mai Sauri ya fi Mai Jira, amma akwai inda Mai Jira ya fi shi nesa. Har wa yau naira 100 ɗin Mai Jira ta yi wata biyu tana hannunsa, ko a banki tana kawo kuɗin ruwa, ko a cikin sana'arsa tana juyawa.

Saura wanda ya ke son kuɗi yau, kamar yarinyar nan mai tsoron saukar farashi. In ta yi amfani da takarda, ta biya 100 ta sayar 120, ta sami 20. Amma takardar kanta haja ce, ana sayar da ita a kasuwa. Tun da shi ke jira yana da amfani biyun nan da muka gani, mai saye zai biya fiye da 20, a ce 24. Naira 20 ita ce darajar yau, watau tazarar da ke tsakanin farashin kasuwa da farashin alkawari. Naira 4 ita ce darajar jira. In ta yi amfani da takarda ribarta 12, in ta sayar da ita ribarta 16. Mai gaggauta amfani da takarda darajar jira ya ke zubarwa a ƙasa.

Wannan shi ne abin da Merton ya tabbatar da lissafi a 1973: zaɓin saye a kan hannun jarin da ba a rabon riba a kansa cikin wa'adin takardar, ba a cin komai da gaggauta shi. Saboda haka darajarsa daidai ta ke da ta irin na Turai. Sauri ya haifi nawa, in ji mutanen da.

Inda sauri ya ke da amfani

Da na gama, wani yaro ya ce, "To Malam, in haka ne, mene ne amfanin cewa kowace rana?" Tambaya ce mai kyau, amsarta kuwa uku ce.

Na ɗaya, rabon riba. Kamfani ya kan raba riba ga waɗanda sunansu ke cikin littafinsa a wata rana da ya sanar. Mai takardar zaɓi ba ya cikin littafin, gama bai mallaki hannun jari ba tukuna. Bayan ranar nan kuma farashi ya kan sauka da kimanin abin da aka raba. In rabon naira 6 ne, abin da jira zai tsare maka kuwa bai wuce naira 2 ba, hikima ita ce ka yi amfani da takarda ana gobe za a daina sayar da hannun jarin tare da rabonsa. Ka lura, ana gobe na ce, ba tun da wata guda ba.

Na biyu, zaɓin sayarwa sa'ad da farashi ya rushe. Mu mutanen Filato ba sai an koya mana yadda farashi ke rushewa ba. Kududdufan da ke kewaye da Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi ramukan kuza ne, kamfanonin da suka haƙa su kuwa a Landan aka yi ta cinikin hannun jarinsu. Ran 24 ga Oktoba 1985 Majalisar Kuza ta Duniya, wadda Nijeriya ke cikinta, ta rasa kuɗin da za ta ci gaba da tallafar farashi. Kasuwar ƙarafa ta Landan ta dakatar da cinikin kuza, ba ta sake buɗe shi ba sai 1989. Farashin tan guda, da ya ke sama da fam 8,000, ya faɗi ƙasa da rabin haka cikin 1986.

To, a ce kana riƙe da hannun jarin wani kamfani da irin wannan masifa ta auka wa, kana kuma da zaɓin sayarwa a kan naira 100, saura wata biyu. Farashi ya faɗi zuwa naira 2. Me jira zai ƙara maka? Ko kamfanin ya mutu sarai, tazarar ba za ta ƙaru da fiye da naira 2 ba, gama farashi ba ya sauka ƙasa da sifiri. In kuwa ka karɓi naira 100 yau ka sa a banki mai ba da kashi 18 cikin 100 a shekara, cikin wata biyu ka sami naira 3. Uku ta fi biyu. A nan Mai Sauri ne ya yi daidai. Domin wannan zaɓin sayarwa irin na Amurka ya kan fi na Turai tsada.

Na uku, inda babu kasuwar da za a sayar da takardar. Ɗan kasuwanmu na masara ba shi da wanda zai sayar wa alkawarin manomi. In ya ga alamar farashi zai karye, ba shi da hanyar kama ribarsa sai ya je ya ɗauki buhunansa ya sayar. Haka kuma ma'aikatan da kamfaninsu ya ba takardun zaɓi a matsayin lada, galibi ba a yarda su sayar wa wani ba.

Tun da shi ke a kowace rana sai an auna sauri da jira, lissafin irin na Amurka ya fi wuya. A 1979 masana uku, John Cox da Stephen Ross da Mark Rubinstein, suka fito da hanya mai sauƙi. A kan zana itace mai rassa, kowane reshe ya rabu biyu, ɗaya hawa ɗaya sauka. A soma daga ranar ƙarewa a komo da baya, a kowace mararraba a tambaya, "Wanne ya fi, amfani yanzu ko jira?" A rubuta wanda ya fi girma. Itace mai hawa biyu ya kan shiga allo, yara kuma suna sonsa.

Kada a manta da mai ba da takarda

Duk ribar da mai takarda ya ci, daga aljihun mai ba da ita ta fito. Shi ya karɓi naira 8, iyakar abin da zai samu ke nan. In takardar irin ta Amurka ce, ba ya sanin ranar da za a buga masa ƙofa, ya kamata kullum ya zama a shirye. Wanda ya ba da zaɓin saye alhali ba shi da hannun jarin, in farashi ya kai naira 300 tilas ya saya a 300 ya bayar a 100. Hasararsa ba ta da iyaka, gama babu rufi a kan farashi. Mai karɓar takarda kuma ya sani, in ranar ƙarewa ta zo farashi bai motsa ba, kuɗin zaɓinsa ya tafi duka.

A ƙasarmu fa?

An kafa kasuwar hannun jari ta Ikko, watau Legas, a 1960, ta soma ciniki a 1961. A 1977 aka sake mata suna ta zama ta Nijeriya duka, tun 2021 kuma ana kiranta NGX. A watan Afrilu 2022 ta soma cinikin yarjejeniyar gaba. Kada a gama wannan da takardar zaɓi, gama a yarjejeniyar gaba alkawari ya ɗaure mai saye da mai sayarwa duka biyu.

Abin da talakan mai hannun jari ya fi gamuwa da shi a nan shi ne irin wasiƙar Baba, watau tayin fifiko ga tsofaffin masu hannun jari. A watan Maris 2024 Babban Bankin Nijeriya ya umurci bankuna su ƙara jarinsu, ya sa wa masu aiki har ƙasashen waje naira biliyan 500. Bankuna da yawa suka bi wannan hanya. Misali, a 2024 kamfanin Access Holdings ya yi wa masu hannun jarinsa tayin sabo guda a kan kowane biyu da su ke da su, a kan naira 19 da kwabo 75. Dubi kamanninsa da zaɓin saye: akwai farashi tsayayye, akwai ranar rufewa, babu tilas, kana iya karɓa kowace rana a tsakani, kana kuma iya sa dillalinka ya sayar da damar a kasuwa in tana da daraja. Hanya uku ke gabanka, ka karɓa, ka sayar, ko ka bari da saninka don farashin kasuwa ya fi araha. Ta huɗu ita ce tamu, a sa takarda cikin akwati a manta.

Gargaɗi biyu kafin in rufe. Abin nan da a ke talla a waya, cewa ka sa kuɗi ka cinci ko farashi zai hau cikin minti biyar, ba shi ne darasinmu ba, ya fi kusa da caca. Kada ka miƙa kuɗi ga kowane dillali sai ka ga sunansa cikin waɗanda hukumar SEC ta yi wa rajista. Sa'an nan yaranka za su tambaye ka ko abin ya halatta. Ka sani dai Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ba ta yarda da cinikin takardun zaɓi ba. Kai aikinka ka koyar da lissafin sosai, hukunci kuwa kowane yaro ya nema wurin malaman addininsa.

Ga mai koyarwa

Ka soma da masara, kada ka soma da hannun jari. Ka raba aji biyu, Masu Sauri da Masu Jira, ka sa yaro guda ya jefa kwabo don a san ko farashi ya hau ko ya sauka, kowane ɓangare ya riƙa rubuta ribarsa da hasararsa. Kada ka faɗa musu amsa, lissafi zai faɗa. In ka yi kuskure kamar yadda na yi, ka gyara a gabansu. Ni dai ban ga darajata ta ragu ba.

Tambayoyi

1. Wata mace ta biya naira 5 ta sami zaɓin saye a kan naira 60. Farashi ya kai naira 72, ana sayen takardar a kasuwa naira 15. Nawa ne ribarta in ta yi amfani da takarda, nawa ne in ta sayar?
2. In ta jira, farashi ya komo naira 58 ranar ƙarewa, nawa ne hasararta a kan hannun jari 100?
3. Wani mutum yana riƙe da hannun jari da zaɓin sayarwa a kan naira 200, saura wata shida. Farashi ya faɗi zuwa naira 5, banki yana ba da kashi 12 cikin 100 a shekara. Ya jira ko ya sayar yau?

Amsoshi: (1) naira 7, da naira 10. (2) naira 500. (3) Ya sayar yau, gama banki zai ba shi naira 12, jira kuwa ba zai ƙara masa fiye da naira 5 ba.

Da na je gida hutu na nuna wa Baba wannan darasi. Ya karanta har ƙarshe, ya buga tambaya ta uku a bayan ambulan, ya samu daidai. Sa'an nan ya tashi ya ɗauko akwatin nan ya ajiye a gabana, ya ce in duba dukan takardun da ke ciki, in rubuta masa ranar ƙarewar kowacce a jikin kalanda.